Waiwaye: Yadda aka gano tsagar fuskar sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi

A Zariya, wanda tari ya daɗe masa, ga rama, ga jini a majina, tarin fuka ake fara zargi, wasu ma sai su nufi asibitin tarin fuka da ke Saye. Sau da yawa zargin kan tabbata. Amma akwai wanda zai sha magani wata da watanni ba sauƙi, sai an yanko ɗan nama daga huhunsa an kai ɗakin gwaji, kamar na asibitin koyarwa da ke Shika, a tarar sankara ce. Daga nan tambaya ta biyu ke tasowa: wace iri?

Mai ƙananan ƙwayoyi ita ce kusan kashi 15 cikin 100 na sankarar huhu. Tana da saurin yaɗuwa, akasarin masu ita mashaya taba ne, kuma ba kasafai tiyata ke yi mata amfani ba.

Da can ido kaɗai ake dogaro da shi. A 1926 wani likitan Ingila, Barnard, ya nuna cewa daga huhu wannan ƙari yake tasowa. A ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyin ƙanana ne, cunkushe, masu saurin murƙushewa, har sukan yi kama da na sankarar kaluluwa, alhali maganinsu ba ɗaya ba.

Sauyi ya zo a 1975, lokacin da masana biyu, Köhler da Milstein, a Kambirij suka gano dabarar samar da antibodi, wato makamin garkuwar jiki, mai manne wa alama guda tak. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da irin waɗannan alamomi a fatarta, tamkar tsagar gado da ake gane asalin mutum da ita. Su ake kira antijin. Nan da nan kowane ɗakin bincike ya ƙera nasa antibodin ya raɗa masa suna, aka rasa na wa ya kama me. Sai a wani taron masana a Landan a 1987 aka tattara su aka kasa rukuni-rukuni. Rukuni na ɗaya, aka gano daga baya, alama ɗaya duk suke kamawa: NCAM, wadda a yau ake rubutawa CD56. Abin mamaki, a ƙwayoyin jijiya aka fara saninta.

Har yanzu ana rina naman da aka yanko da antibodin da ke kama ta, inda alamar take ya koma ruwan ƙasa. Sai dai ba ta isa shaida ita kaɗai ba, don wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ma suna da ita, shi ya sa ake haɗawa da wasu alamomi biyu, sinaftofisin da kuromogaranin.

Gane fuskar ɓarawo daban, kama shi daban. Maganin da aka ƙera don kai wa CD56 hari bai kai labari ba. Aka koma kan wata alamar, DLL3, nan ma magani na farko ya faɗi a 2019. Sai a watan Mayun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tarlatamab, wanda ke riƙe DLL3 da hannu ɗaya, ya jawo sojan garkuwar jiki da ɗayan. A ganina, wanda ke kwance a Shika rinin da zai faɗi sunan ciwonsa ya fi wannan sabon magani kusa da shi, tunda da rinin ake yanke ko za a fara masa magungunan sankara etofosaid da sisfilatin.