Abin da hanta ke yi da nikotin, da dalilin neman wani karan sigari

Daga tashar Kwangila har Samaru a Zariya, duk mashayin sigarin da ka tambaya zai ce taba ce ke kwantar masa da hankali. Mu ma'aikatan lafiya muna ganin abin daban: rashin natsuwar da take kwantarwa, ita ce ta haddasa shi tun farko.

Da an zuƙi hayaƙi, nikotin, wato sinadarin cikin taba da ke sa mutum ya kasa rabuwa da ita, yana ratsa huhu ya shiga jini, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa. Daga nan hanta ta kama aikinta. Akwai wani sinadari a cikinta da ake kira CYP2A6, shi ke narka kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nikotin ya mayar da shi kotinin, ƙoda kuma ta fitar ta fitsari. Duk bayan kamar awa 2, rabin nikotin ɗin da ke jini ya tafi. Ƙwaƙwalwar da ta saba kuwa ba ta yarda da ragi. Sai mutum ya fara hamma, ya ƙagu, ya riƙa faɗa da kowa, har sai ya kunna wani karan. Shi ya sa karan safe ya fi kowanne daɗi ga mashayi, domin hanta ta kwana tana shara.

Ku lura da watan azumi. Daga sahur zuwa magariba nikotin ya kusan ƙarewa a jini, ga ciwon kai da la'asar, amma mutum ya jure don Allah. Wanda ya iya wannan, ya riga ya san yanayin wahalar dainawa. Ta fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ta riƙa sauƙi cikin makonni kaɗan. Abin haushi, wasu ko dabinon ba su gama taunawa ba sun kunna ashana.

Kotinin ya fi daɗewa, rabinsa kan ɗauki kusan awa 16 kafin ya fita, don haka ana ganinsa a gwajin fitsari ko yawu bayan kwanaki. Ana samunsa har a fitsarin yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da mai shan taba. Mai ciki da mai shayarwa kuma su sani nikotin yana kaiwa ga jariri ta mabiyiya da ta nono. Taba gari da shisha ma nikotin ɗin ne, hanta ɗaya ce ke fama.

Idan kana shan maganin asibiti kullum, musamman na taɓin hankali ko na asma, ka gaya wa likitanka ranar da za ka daina. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narka wasu magunguna, in aka daina sai ƙarfinsu ya ƙaru a jini, wataƙila a buƙaci rage maka adadin.