Gigin tsufa ba kullum da mantuwa yake farawa ba

An daɗe ana ɗauka in tsoho bai fara mantuwa ba, sauyin halinsa sammu ne ko rashin mutunci. A cikin nau'o'in gigin tsufa, cutar Alzheimer ce ta fi farawa da mantuwa. Akwai nau'in da ke lalata gaban ƙwaƙwalwa, mazaunin kunya da kamun kai, yawanci tsakanin shekara 45 da 65. Sai dattijo mai kawaici ya kama ashar gaban surukai, yana wawurar tuwo a kwanon wani, alhali bai manta sunan kowa ba. Mai wani nau'in da ake kira Lewy kuwa yakan ga mutane a ɗakin da babu kowa, a ce aljanu ne. A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, domin wasu magungunan taɓin hankali suna yi masa mummunar illa.