Shirin tafiyar raƙumi a hamada

Tafiyar raƙumi a hamada yawon buɗe ido ne da matafiya ke yi cikin ƙaramin ayari, da jagora a gaba, daga kwana ɗaya zuwa makonni. An fi yin ta a Sahara, a wurare irin su Erg Chebbi da Erg Chigaga a Maroko, Adrar a Muritaniya da Tassili n'Ajjer a Aljeriya, sai Wadi Rum a Jodan, hamadar Thar a Indiya da hamadar Simpson a Ostireliya. Duk a waɗannan wurare raƙumi mai tozo ɗaya ake hawa. Mai tozo biyu na Gobi ne da sauran tsakiyar Asiya. Ginshiƙin shirin shi ne matafiyi ya gane cewa juriyar raƙumi ba tasa ba ce.

Lokaci da nisa

A Sahara da Thar ana fita ne tsakanin Oktoba da Maris, a Ostireliya kuwa wajen Mayu zuwa Agusta, lokacin sanyin can. Raƙumi mai kaya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, ayarin yawo kuma bai cika wuce kilomita 15 zuwa 25 a yini ba. A kan tashi da sassafe, a ya da zango idan rana ta take, a ƙarasa da la'asar.

Ruwa

Nan ne aka fi kuskure. Raƙumi kan rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ya ci gaba da tafiya, in ya iso rijiya ya sha kusan lita 100 cikin mintoci kaɗan. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba. Mutum kuwa da ya rasa kashi 2 cikin 100 sai ƙarfinsa da tunaninsa su fara raguwa. Iskar hamada tana busar da gumi tun kafin a ji shi, shi ya sa wanda ya jira sai ƙishirwa ta kama shi ya riga ya makara. Ana lissafa wa kowane mutum lita 4 zuwa 6 na sha a yini, fiye da haka in zafi ya tsananta, ban da na girki da na ko-ta-kwana. Fitsari shi ne ma'auni mafi sauƙi: in ya yi kaɗan, ya yi duhu, a ƙara sha. Ruwan rijiya a tafasa shi ko a saka masa ƙwayar tsarkakewa. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na zawo. In babu, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda jikinsa ya yi zafi sosai ya fara sambatu, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nemi agaji.

Jiki da sutura

Hawan raƙumi aiki ne. Da ƙafafun baya yake fara miƙewa daga gurfane, don haka mahayi ya riƙe sirdi ya jingina baya, in ba haka ba sai ya tafi ta wuyan dabbar. In yana tafiya, raƙumi yana ɗaga ƙafafu biyu na gefe ɗaya tare, abin da ke sa mahayi rangaji, cinya da ƙugu su yi tsami tun ranar farko. Yawancin matafiya kan raba yini tsakanin hawa da takawa, saboda haka yana da kyau a shafe makonni ana atisayen doguwar tafiya da takalmin da za a je da shi. Sabon takalmi yakan sa ƙafa ta yi bororo.

Tufafi su kasance masu walawa, masu rufe hannu da ƙafa. Rawani ya fi hula, domin yana kare kai da wuya, kuma ana rufe hanci da baki da shi idan guguwar yashi ta taso. Baƙi sukan manta da sanyi: a Disamba da Janairu daren Sahara kan sauka kusa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, sai da bargo mai kauri da rigar sanyi. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Jagora da sadarwa

Jagora ne ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe. Kafin biyan kuɗi a tambayi yawan ruwan da za a ɗauka, nisan asibiti mafi kusa, da yadda za a fitar da marar lafiya. A dubi raƙuman ma: wanda ke da gyambo a ƙarƙashin sirdi ko ya rame bai kamata a ɗora masa kaya ba, kuma matafiyi yana da damar ƙin hawansa. Amale mai barbara kan yi cizo, a bar wa mai shi akalarsa.

Wayar salula ba ta aiki a yawancin hanyoyin, don haka ayari kan riƙe wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya ko Iridium. Doka ta bambanta: Indiya ta hana shiga da su ba tare da izini ba. Wasu yankunan Sahara na fama da matsalar tsaro, sai a duba gargaɗin hukumomi, a kuma tabbatar inshorar tafiya ta haɗa da kwashe majinyaci.

Tun 2012 da aka gano cutar numfashi ta MERS a Saudiyya, wadda ake dangantawa da raƙuma, ana shawartar matafiya su guji ɗanyen nonon taguwa, su wanke hannu bayan taɓa dabbar, musamman masu ciwon sukari, ƙoda ko huhu.