Waiwaye: Yadda albam ke nutsewa a Katsina tun kafin a saurare shi

Duk ƙarshen shekara sai an tafka musu a majalisun matasa, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa, kan mawaƙin da ya riƙe shekarar. Hujjar kowa waƙa guda ce, wadda ta cika gidajen biki da TikTok. Da wuya ka ji wanda ya ce ya zauna ya saurari albam daga waƙar farko har ta ƙarshe, alhali mawaƙan nan kan zuba waƙa goma ko fiye a kundi ɗaya. Guda ta tashi, sauran su kwanta, kuma sau da yawa cikin kwantattun nan ne mawaƙi ya fi zuba hikima. Lalacin masu sauraro bai isa ya bayyana wannan ba. Sai an koma an duba na'urar da ke kawo waƙar kunnen mutane, da kuma aljihun da ke biyan kuɗinta.

A zamanin Alhaji Mamman Shata babu wani abu mai kama da albam na yau. Waƙa a fili ake yin ta, a gaban wanda aka yi wa, ga kalangai ga 'yan amshi, kuma tsawonta ya danganta da yadda wuri ya yi daɗi. Waƙar da ya yi a Funtua daren jiya, in ya maimaita ta a Daura gobe sai ka ji sababbin baitoci. Faifan garmaho na farko kuwa 'yan mintuna kaɗan yake ɗauka a kowane gefe, don haka abin da kamfanoni irin su EMI suka ɗauka ɗan tsakure ne. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya fi kowa tara muryoyin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Sarkin Taushin Katsina, shi ne kuma ke zaɓar abin da jama'a za su ji. Lokacin da Shata ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, babu wani cikakken jerin waƙoƙinsa da ya bari. Sai daga baya marubuta irin su Ibrahim Sheme da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara suka wallafa tarihinsa.

Kaset ne ya koya wa Bahaushe sauraren kundi sukutum, kuma dole ce ta sa. Tariya tana cin batir, don haka direban da ya taso daga Katsina ya bi ta Charanchi da Kankiya zuwa Kano yakan bar kaset ya yi ta tafiya har ya ƙare, ya juya ɗaya gefen, fasinjoji su ji mai daɗi da marar daɗi. Waƙoƙi da yawa sun samu shiga zukata ta wannan hanya, waɗanda da a yau ne yatsa zai tsallake su tun ba a shiga baiti na biyu ba. Sai dai mai shagon rikodin ne ke jera waƙoƙin yadda ya ga dama, ya kwafa ya sayar. Mawaƙi ya samu suna, kuɗin kuma ya tsaya a shago.

Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a Kano, al'amarin ya sake salo. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 fiyano ta ture kalangu, waƙa ta zama 'yar rakiyar fim: ɗan wasa ne ke motsa baki a talabijin, mai muryar kuwa ba a ko san fuskarsa ba. Sai da aka yi shekaru kafin mawaƙan suka fito da sunansu. Lokacin faifan sidi ne albam ya yi ɗan gajeren zamaninsa na daraja, domin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kan sayi aikin gaba ɗaya, su buga, su watsa shi Katsina da Funtua da Daura har Maraɗi da Damagaram. Tunda kundi ake saye, kundi ake yi. A nan ne irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka saba wa mutane da jiran sabon albam.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma ba ita ta kashe sidi ba sai da wayoyi masu araha masu cin memori suka cika kasuwa. Daga nan sai ga masu tura waƙa, saurayi da kwamfutarsa a bakin kasuwa ko tasha, ka miƙa masa memori ka ce ya zuba maka sababbi. Shi ne ya gaji kujerar rediyo da ta ɗan kasuwar sidi gaba ɗaya. Abin da ya ga ana yawan tambaya shi zai zuba, albam ya wargaje a hannunsa, wata waƙar ma ta zo da sunan wani mawaƙin daban. Bluetooth, daga baya Xender, suka ƙarasa aikin.

Labarin Mdou Moctar ya nuna yadda wannan hanya ke ɗaga mutum a wani wuri ta binne shi a wani. Buzu ne ɗan Nijar, mai kiɗan jita. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da aka san waƙoƙin finafinan Hausa da ita. Waƙoƙin suka bi memori da Bluetooth suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a wayoyin mutane ya sa ta cikin wani kundin haɗaka. Yau mutumin yana cika manyan ɗakunan wasa a Amurka da Turai, kundinsa Afrique Victime na 2021 ya sha yabo a jaridun can, wani ya biyo baya a 2024. Ka tambayi matashi a Jibiya, inda Nijar take a bayan gida, da wuya ya san sunan.

Na Mdou dai a iya cewa Buzanci ne ya yi shamaki. To ina uzurin da za a kawo kan Tal National? Ƙungiya ce ta Yamai da ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, ta fitar da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, sannan Tantabara a 2018, duka ta hannun wani kamfanin Ingila, FatCat. Kiɗansu na hannu ne, jita da ganguna har da kalangu, mai zafin da zai tayar da kowane filin biki a Daura. A ganina Tantabara na cikin kundayen da aka fi zalunta a wannan yanki, domin duk abin da dattawa ke kukan ya ɓace a waƙar zamani, wato makaɗa na gaske da amshi mai rai, yana ciki. Haka marigayi Malam Mamane Barka, wanda ya yi suna da gurmi da waƙoƙin Hausa kafin ya koma ya ceto kiɗan biram na masuntan Tafkin Chadi. Kundinsa na 2009 a Turai aka buga shi, ya rasu a 2018, kuma matasanmu ƙalilan ne suka taɓa jin sa. Abin dariya ma shi ne Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano da Sahel Sounds ta buga a faifai a 2013, har da muryar Fati Nijar. Turawa suka saya suna ajiyewa a matsayin abu mai daraja, mu kuma a lokacin muna ta faɗan ko fiyano kiɗa ce.

Sai batun mai biya, wanda ya fi komai nauyi. Tun da sidi ya mutu, mai sauraro ya daina biyan mawaƙin Hausa kai tsaye. Kuɗi yana wurin ɗan siyasa da mai biki da basarake. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, bai buƙaci albam ba kafin ya zama sunan da kowane gida ya sani a zaɓen 2015, waƙa ɗaya a kan gaɓa ta wadatar. Matashin da ke tasowa a Katsina yana gani, ya san cewa waƙar amarya da ango guda ɗaya za ta biya kuɗin situdiyo nan take, yayin da kundi mai waƙa goma kan zamantakewa ba shi da mai saye. Shata ma iyayen gida ne suka riƙe shi, ba a musu. Bambancin shi ne a wancan lokacin rediyo da kaset kan kai har waƙoƙinsa na gargaɗi da na noma ga jama'a, ba na yabo kaɗai ba.

An yi zaton intanet za ta gyara. Manhajar sauraron waƙa ta Boomplay ta zo a 2015 a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, Audiomack ta samu karɓuwa, Spotify ta iso Najeriya a 2021. Kundin yana nan cikakke ga mai data. Amma data kuɗi ce, kuma a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, aka shafe watanni a haka. Mutumin Batsari ko Safana a lokacin ba shi da wata kafa sai memori. Ga masu intanet ɗin kuma, abin da ya faru da Jarumar Mata ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona, ya zama darasin da kowa ya haddace: guntun baiti da mata suka yi rawa da shi ya fi kowace talla. Mawaƙa suka koma neman daƙiƙa talatin da za ta kama. Masu hip hop na Hausa irin su B.O.C Madaki da ClassiQ, waɗanda tashar Arewa24 ta taimaka wajen fito da su bayan buɗe ta a 2014, su ne suka fi cutuwa da wannan, tunda salonsu na dogon zance ne da ke son a bi shi baiti bayan baiti.

Akwai kuma kundayen da ba a ma yi su ba. Hajiya Barmani Choge ta Funtua ta rasu a 2013. Kiɗan ƙwarya da amada bai bi ta ba, har yanzu mata na yin sa a bukukuwa a Funtua da Malumfashi da Daura, da sababbin baitoci kan kishi da sana'a da tsadar rayuwa. Akasarin abin da ake ɗauka a waya ne, cikin hayaniyar biki, a tura a WhatsApp, ya yi 'yan kwanaki a goge shi don memori ya cika.