Nahawun Ibrananci na Matakin Tsakiya a Makarantun Tauhidi

Nahawun Ibrananci na matakin tsakiya wani kwas ne da ake koyarwa a makarantun tauhidi, wato seminari, ga ɗaliban da suka riga suka gama matakin farko, sun san baƙaƙe 22 ɗin nan, sun saba da karatu daga dama zuwa hagu, kuma sun haddace wasu kalmomi da jadawalin aikatau. Yawanci semista ɗaya ko biyu ake yinsa, a shekara ta biyu. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya bar 'yan jimlolin atisaye da ke littafin koyo ya buɗe Tsohon Alkawari a harshen da aka rubuta shi, ya karanta sura guda daga farko har ƙarshe, ya fassara ta, sannan in an tambaye shi me ya sa ka fassara haka ya iya kare kansa da hujjar nahawu.

Nassin da ake karantawa

Asalin rubutun baƙaƙe ne zalla babu wasula, kaman dai Larabci ko ajamin da ba a yi wa wasali ba. Wasu malaman Yahudawa da ake kira Masorawa, musamman na garin Tibariya, su ne suka sa ɗige-ɗigen wasula da alamomin karin murya tsakanin ƙarni na 7 zuwa na 10 miladiyya dan kada karatun ya ɓace. Cikakken kwafi mafi tsufa da ya rage daga aikinsu shi ne kundin Leningrad da aka rubuta wajen shekarar 1008, yana ajiye a birnin St. Petersburg na Rasha, kuma a kansa aka gina bugun Biblia Hebraica Stuttgartensia da aka kammala a Jamus a 1977, wanda ɗalibai ke ce wa BHS kawai. A ƙasan kowane shafi akwai wasu ƙananan rubutu masu gajerce-gajercen Latin da ke nuna inda wasu kwafe-kwafe suka sha bamban, misali tsohuwar fassarar Helenanci da aka fara a Iskandariya tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, ko naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947. A wannan matakin ne ake fara koya wa ɗalibi karanta su. Nan ne kuma zai haɗu da abin da ake kira ketib da kere, wato wuraren da aka rubuta abu kaza amma aka ce a karanta shi kaza.

Ba duk Tsohon Alkawari ne Ibrananci ba fa. Daniyel 2:4 zuwa 7:28 da wasu sassan Ezra da harshen Aramaik aka rubuta su, shi wannan kwas ɗinsa daban.

Aikatau

Gaskiya rabin wahalar kwas ɗin duk tana kan aikatau. Mafi yawan kalmomi suna tsirowa ne daga saiwa mai baƙaƙe uku, sai a zuba saiwar cikin ɗaya daga manyan sigogi 7: Qal, Nifal, Piel, Pual, Hifil, Hofal da Hitpael. Qal kaɗai ya kwashe wajen kashi biyu cikin uku na duk aikatau da ke cikin littafin. A matakin farko da saiwoyi masu lafiya ake koyo, waɗanda baƙaƙensu uku ke zaune daram, to a matakin tsakiya sai ga raunana sun fito, wani baƙinsa na nun ya narke cikin baƙin da ke gabansa, wani baƙinsa na ƙarshe da ake kira he ya faɗi, har ka ga kalma baƙi ɗaya ko biyu ne kawai ya rage na saiwar kuma ana so ka nemo ta a ƙamus, alhali tsofaffin ƙamusoshi irin BDB na 1906 da saiwa suka jera kalmomi, in ba ka gane saiwar ba haka za ka yi ta buɗe shafi har dare ya raba. Shiyasa kusan kowace lakca ana farawa da feɗe aikatau: wace siga ce, wane yanayi, mutum na nawa, namiji ko mace, tilo ko jam'i.

A nan ne mai jin Hausa yake da wata gata da mai jin Turanci bai da ita, kuma abin takaici da yawa ba su ankara da ita ba, saboda littattafan koyon kusan duk da Turanci aka rubuta su dan masu jin Turanci. Hausa da Ibrananci da Larabci dangi ɗaya ne, babban dangin da masana ke kira Afro-Asiya, duk da cewa zumuncin na nesa ne sosai. Ɗauki saiwar sh-b-r. Shabar ya karya, nishbar ya karye, shibber ya kakkarya. Ko kuma kalmar Ibrananci yatsa, wato ya fita, hotsi kuma ya fitar. Bahaushe ba sai an cika masa allo da bayani ba, harshensa na yin wannan sauyin kullum. Haka yiktob, wato zai rubuta, na namiji ne, tiktob na mace, ga ya da ta ɗinmu nan. Ɗafin mallaka na namiji -ka ne kaman a gidanka, na mace kuma tsohuwar sigarsa -ki tana fitowa a Zabura 103. Sannan bet hammelek, gidan sarki, tsarin jingina suna da suna ne da yaro ɗan shekara uku ya iya.

Wanda ya fi duka muhimmanci shi ne wayyiqtol, sigar ba da labari, tana zuwa kusan sau 15,000. Nahawun da na Turawa sun daɗe suna cewa wai harafin waw ne ke juya lokaci mai zuwa ya koma wanda ya wuce, masanan yanzu kuwa da yawa na ganin tsohuwar siga ce mai zaman kanta. Ko ma dai yaya ne, aikinta shi ne jera abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, daidai da yadda muke cewa sai suka tashi, suka ɗaura wa jaki kaya, suka kama hanya. Kuma kaman yadda in mai labari ya bar "suka" ya koma "sun" ka san ya tsaya ne ya ba ka bayanin fage, haka in marubucin Ibrananci ya katse jerin wayyiqtol ya sa suna a gaban aikatau, to wani abu yake nuna maka. Ɗalibin da ya kama wannan ya kama bakin zaren labaran Farawa da Sama'ila da Sarakuna.

Fassara

Littattafan da aka fi fara fassarawa su ne Yunusa da Rut, kowanne sura 4 ne, labari ne kuma nahawunsu bai cika tsauri ba. Daga nan a shiga labarin Yusufu a Farawa 37 zuwa 50, sai can ƙarshe a ɗan taɓa waƙa, Zabura ko Karin Magana, inda jimla ke gajarta, kalmomi baƙi su yi yawa. Ayuba kam sai an yi nisa.

Yunusa na nuna amfanin karatun a fili. Aikatau yarad, sauka ko gangarawa, yana ta dawowa: ya gangara Yafa, ya sauka cikin jirgi, ya sauka can ƙasan jirgin ya kwanta, a sura ta 2 kuma ya sauka har gindin duwatsu. Marubucin da gangan ya yi, mutumin da ke gudun Ubangiji ƙasa-ƙasa yake ta yi, amma fassara kan sa kalmomi daban-daban dan daɗin karatu sai zaren ya ɓace. A sura ta 4 kuma akwai tsiron nan qiqayon da bai zo a ko'ina ba sai nan, wasu sun ce duma ne, wasu sun ce zurma. Rigimar tsohuwa ce, dan lokacin da malamin Kirista Jerom ya canza kalmar a fassararsa ta Latin, Bishop Agustin ya rubuta masa cewa jama'ar wata ikilisiya a garin Oya, Tarabulus ta Libiya a yau, sun tayar da hayaniya da suka ji an karanta musu abin da ba su saba ji ba. Duk mai fassara wa masu bi ya kamata ya san da wannan, mutane na riƙe kalmomin da suka tashi da su.

Sai kalmomi masu nauyi irin hesed, da ta haɗa ƙauna da aminci da riƙon alkawari, babu kalma ɗaya tak da za ta ɗauke ta, dole a duba kowace aya da mahallinta. Malamai kan sa ɗalibi ya yi fassara biyu, ɗaya kalma da kalma dan a ga ya gane nahawun, ɗaya kuma yadda mutane ke magana. Manhajojin kwamfuta da na waya yanzu suna feɗe kowace kalma da taɓawa ɗaya, suna da amfani wajen bincike, sai dai wanda ya jingina da su tun a wannan matakin ba zai taɓa karatu da kansa ba, shi ya sa galibi ake hana su a ɗakin jarabawa.

A arewacin Najeriya

Ana koyar da Ibrananci a makarantu irin TCNN, wato Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya, da ke Bukuru, da JETS, seminarin ikilisiyar ECWA a Jos, da seminarin ECWA na Kagoro, akasari da Turanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller ya taka babbar rawa a ciki, sabuwar fassara kuma ta biyo baya a 1979. Amma a Filato da kudancin Kaduna da Bauchi da Gombe da Adamawa akwai harsuna masu yawa da ke da Sabon Alkawari kaɗai, Tsohon bai samu ba tukuna, kuma wasu harsunan yankin kaman Ngas da Mwaghavul da Tangale 'yan uwan Hausa ne na kusa a reshen Cadi. Masu fassara zuwa waɗannan harsunan in ba su iya Ibrananci ba sai su bi ta Turanci, harshen da bai bambanta kai da ke, kuma jerin labarinsa ba irin na asalin ba ne, sai a rasa abubuwan da harshen gida zai iya ɗauka kai tsaye ba tare da wahala ba. Dan haka wannan kwas ɗin yake da amfani ga masu fassara kafin su fara aikin Tsohon Alkawari.