Waiwaye: tarkacen imel, daga Amurka zuwa Legas, daga Legas zuwa aljihunmu

An yi zamanin da in aka ce Legas a maganar imel, abin da ke faɗowa mutumin ƙasar waje a rai shi ne wasiƙar ɗan damfara. Yanzu reshe ya juye da mujiya. Ɗan canji a Broad Street, dillalin tumatir a Mile 12, mai raguna a kasuwar dabbobi, su ne ake yi wa tarko ta akwatin saƙon da ke cikin wayarsu, wanda da yawansu ba su ma san kalmar sirrinsa ba.

Abin bai faro daga nan ba. A watan Mayun 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation a Amurka, Gary Thuerk, ya tura saƙon talla guda ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet. An yi masa ca, amma ya gano abin da har yau ba a iya toshewa ba: tura saƙo ga mutum ɗari huɗu bai fi tura shi ga mutum ɗaya tsada ba. A 1994 wasu lauyoyi biyu, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar taimakon shiga cacar bizar Amurka a dubban zaurukan tattaunawa na Usenet a intanet. Wanda ya zauna Legas a shekarun nan zai tuna yadda shagunan intanet ke cika maƙil lokacin cike wannan fam ɗin, kafin a cire Najeriya daga cacar.

Rabon Legas a tarihin ya girmi imel ɗin kansa. Tun shekarun 1980 ake aika wasiƙun damfara ta gidan waya, daga baya ta faks, ana yi wa baƙo alkawarin kaso daga wasu maƙudan kuɗi in ya fara biyan ɗan wani abu. Sashe na 419 na dokar manyan laifuka shi ne ya haramta wannan, shi ya sa lambar ta bi masu wannan damfara. Mafi girman abin da aka gani shi ne na Emmanuel Nwude, wanda ya yi shigar burtu da sunan gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya sayar wa wani jami'in bankin Banco Noroeste na Brazil kwangilar filin jirgin sama da babu shi, aka kwashe dala miliyan 242 tsakanin 1995 da 1998. Kotu a Legas ta ɗaure shi a 2005, lokacin Nuhu Ribadu na shugabancin EFCC.

Da shagunan intanet suka yawaita, sana'ar ta sauka daga hannun manya zuwa hannun yara masu sayen awa ɗaya ko kwana guda. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a 1998, wasiƙun bogi da sunan iyalansa sun zaga duniya. Mutane kan yi dariyar yadda ƙaryar ta fito fili, amma wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayani a 2012 cewa hakan riba ce ga mai damfara: mai wayo zai share saƙon nan take, wanda ya amsa kuwa ya riga ya nuna zai iya biya. Dokar 2006 kan damfara ta tilasta wa masu shagunan su riƙa rubuta sunan duk wanda ya hau kwamfutarsu. Kafin ta yi wani tasiri, intanet ya koma cikin waya.

A can waje an gwada doka, an gwada fasaha. Amurka ta yi dokar CAN-SPAM kan tarkacen imel a 2003, Bill Gates kuma ya faɗa a taron tattalin arzikin duniya na Davos a farkon 2004 cewa nan da shekara biyu an gama da matsalar. Ba a gama ba. Abin da ya yi aiki shi ne matatar da ke koyo daga saƙonnin da mutane suka yi ƙorafi a kansu, da kuma rufe manyan rumbunan da ake turo sharar daga cikinsu, kamar McColo a 2008 da Rustock a 2011. A 2023 Google ya ce Gmail na tare saƙonnin banza kusan biliyan 15 a kullum. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ɗora wa masu tura saƙo da yawa, wato a Gmail masu tura saƙo 5,000 ko fiye a rana, sharaɗin tabbatar da ko su wane ne, da kuma sanya hanyar fita daga jerinsu da dannawa ɗaya.

A gida akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ta hukunta satar bayanai ta saƙon yaudara, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ba mutum haƙƙin cewa a daina turo masa talla. Ga saƙonnin tes na kamfanonin waya kuma, tun 2016 hukumar NCC ta tanadi tura STOP zuwa 2442 don a daina turo su.

A ganina, inda namu mutanen suka fi rauni ba inda waɗannan dokoki suka dosa ba ne. Je ka tsaya gaban teburin mai gyaran waya a Agege ko Idi-Araba. Alhaji ya sayi sabuwar waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail cikin minti biyu don ya samu sauke WhatsApp, kalmar sirri kuwa lambar wayar Alhajin ce, aka rubuta ta a bayan kwalin waya, kwalin ya tafi bola. Wannan adireshin shi za a kai banki, shi za a ba manhajar bashi, shi za a rubuta a takardar gasar cin kyauta a bakin kanti. Bayan shekara akwati ya cika da dubban saƙonni, har sanarwar banki ta gaskiya ta nutse a ciki. Rannan sai ga saƙo mai tambarin banki, wai an rufe BVN ɗinka, danna nan ka gyara. Tun da aka kawo BVN a 2014 ake wannan wasan, kuma babu bankin da ke neman lambar sirrin katinka ko lambar OTP ta imel.

Gyaran ba shi da tsada. Adireshi biyu ya kamata mutum ya riƙe, ɗaya na banki da takardun gwamnati kaɗai, ɗaya na duk wanda ya tambaya. Tallar kamfanin da ka sani, fita daga jerinsa ta maɓallin da Gmail ke nunawa a saman saƙon. Saƙon da ba ka san mai shi ba kuwa kada ka amsa, kada ka danna komai a ciki, domin hakan shaida ce gare su cewa akwai mai karantawa. Kai ƙararsa a matsayin shara, matatar ta ƙara koyo. Sai a canza kalmar sirrin da yaron shago ya sa, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato ƙarin tabbaci ta waya bayan kalmar sirri, a kuma duba wace lambar waya aka ɗaura wa akwatin. In tsohon layi ne da aka daina amfani da shi, a sauya shi da wuri, saboda kamfanonin waya kan sake sayar da layin da ya daɗe a kwance, kuma lambar dawo da akwatin za ta faɗa wayar sabon mai layin.