Jami'a mai zaman kanta a Abuja: nawa za a kashe, kuma wane tallafi ne abin dogara?

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai ka ga iyaye a Abuja sun kama hanya da fayil a hannu. Wasu su nufi jami'o'in Baze da Nile da ke wajen Jabi, wasu Veritas a Bwari, wasu kuma su tsallaka Karu zuwa Bingham. A 1999 aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a ƙasar nan, yau kuwa sun haura ɗari. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, ya ƙara turo iyaye wannan ɓangare. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Tambaya: An ba ni takardar kuɗin makaranta. Abin da ke rubuce a kai shi ne abin da zan kashe a shekara?

Amsa: A'a, ranka ya daɗe. Babban adadin da ke saman takardar kuɗin karatu ne kawai. Ka ɗauki biro ka bi layin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuɗin karɓar gurbi, wanda ake biya kafin komai kuma galibi ba a mayarwa ko da yaro ya fasa. Akwai kuɗin rajista, na asibiti, na katin shaida, na intanet, na ɗakin gwaje-gwaje ga masu karatun kimiyya. Sai ɗakin kwana, wanda farashinsa ya danganta da yawan mutanen da ke ɗaki: na mutum biyu da na mutum huɗu ba ɗaya ba ne. Sai abinci, kuma a nan ne lissafin iyaye da yawa ke karyewa, domin wasu makarantun ba sa barin ɗalibi ya yi girki a ɗaki, dole ya saya sau uku a rana. Ƙara da kwamfutar hannu, littattafai, data, da kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe.

Kafin ka bar ofishin kuɗi, ka tabbatar da abu biyu. Adadin na zango ɗaya ne ko na shekara guda? An sha ganin uba ya yi murna da araha, ashe rabin shekara aka rubuta masa. Na biyu, wannan farashin zai tsaya a haka har yaro ya gama, ko kowace shekara ana iya ƙarawa? In an ce maka zai tsaya, ka nemi a nuna maka a rubuce.

Tambaya: To yaya zan yi lissafin da ba zai ba ni kunya ba?

Amsa: Ka lissafa har ranar kammalawa, kada ka tsaya a shekarar farko. Wannan shi ne kan maganar gaba ɗaya. Yawancin kwasa-kwasai shekara 4 ne. Shari'a, injiniyanci da aikin jinya shekara 5 ne, likitanci 6. Mai karatun shari'a kuma yana da wata shekarar a Makarantar Horar da Lauyoyi, da nata kuɗin daban.

Bari mu yi misali da alkaluman da muka ɗauka don lissafi kawai, ba na wata makaranta ba. A ce kuɗin karatu naira miliyan 3 ne, ɗaki 800,000, abinci 90,000 a wata har wata 9, wato 810,000, sauran tarkace 390,000. Jimilla miliyan 5 ke nan a shekarar farko. Mutum zai ninka sau huɗu ya ce miliyan 20. Amma in komai yana ƙaruwa da kashi 15 cikin 100 duk shekara, ta biyu za ta kama miliyan 5.75, ta uku kusan 6.6, ta huɗu kusan 7.6. Ka ga an tashi a wajen miliyan 25. Kashi 15 ɗin ma sassauci ne, in ka tuna hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024.

Bayan haka sai ka tambayi kanka daga ina kuɗin zai fito a shekara ta uku. In amsar ita ce fili guda da za a sayar, to filin na shekara nawa ne? In kwangila ce da ake jiran a biya, wa ya san ranar biyan? In albashi ne, shekara nawa ta rage maka ka yi ritaya, kuma ƙannensa nawa ke biye da shi? Shawararmu: kada a fara sai akwai kuɗin shekara guda a hannu, da hanyar samun na sauran wadda ba ta rataya a kan alkawarin wani ba.

Tambaya: Ba za a iya neman bashin karatu na gwamnati ba?

Amsa: Bashin NELFUND, wanda aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024, an tsara shi ne don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba wanda ya nema naira 20,000 a wata na kashewa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa a fara biya. Tsari ne mai kyau, amma kada wanda zai kai ɗansa jami'a mai zaman kanta ya saka shi a lissafi. Haka kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, makarantun gwamnati yake tafiya. Tallafin cikin gida na Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya shi ma na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuma da yawa daga tallafin da manyan kamfanoni ke bayarwa suna saka wannan sharaɗin. Karanta sharuɗɗan kafin ka ɓata kuɗin kafe da na hoto.

Tambaya: To wane tallafi ne ya rage?

Amsa: Mafi samuwa shi ne wanda ita jami'ar ke bayarwa da kanta, kuma gaskiyar sunansa rangwame. Ana ba da shi bisa yawan makin JAMB da kyawun sakamakon WAEC ko NECO. Wasu makarantun na yin ragi in 'yan gida ɗaya biyu suna karatu a lokaci guda, ko ga 'ya'yan ma'aikatansu, ko ga wanda ya biya na shekara a dunƙule. Ba kowace ke da duka ba, kuma ba kasafai ake faɗa maka ba sai ka tambaya. Tambaya ba ta rage mutunci.

Bayan wannan akwai hukumomin tallafin karatu na jihohi, da ta Babban Birnin Tarayya ga 'yan asalinsa. Abin da suke bayarwa ba zai ɗauki nauyin makaranta mai tsada ba, amma yana rage zafi, in sharuɗɗansu sun haɗa da ita. Sai gidauniyoyi, ƙungiyoyin addini, da masu hali da ke ɗaukar nauyin yara. A wannan rukunin ne aka fi samun alheri, a nan ne kuma aka fi samun yankewa.

Tambaya: An ba 'yata tallafin kashi 50 cikin 100. Ba shi ke nan rabin nauyi ya sauka ba?

Amsa: Muna taya ki murna, Hajiya, yarinya ta yi ƙoƙari. Amma ɗauko takardar ki karanta layin da ke ƙarƙashin adadin, wanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Kusan kullum za ki tarar ragin a kan kuɗin karatu kaɗai yake. Koma misalinmu: rabin miliyan 3 shi ne miliyan 1.5, a cikin miliyan 5 da za a kashe. Abin da ya sauka a zahiri kashi 30 ne, saura miliyan 3.5 na kanki.

Sai ki duba ko kaso ne ko tsayayyen adadi. In kaso ne, yana tashi tare da kuɗin makaranta. In kuwa an rubuta miliyan 1.5 ne a tsaye, to a shekara ta huɗu, lokacin da jimillar ta kai 7.6, bai ma cika kashi 20 ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne sharaɗin ci gaba. Yawanci ana ɗaure tallafin da matsakaicin makin ɗalibi, wanda suke kira CGPA. A ma'aunin 5, digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa daga 3.50. In takardar ta ce sai an riƙe 4.00 ko sama, to zango ɗaya mara kyau ya isa ya zubar da shi: zazzaɓi a makon jarrabawa, rasuwa a gida, ko kwas guda mai nauyi da aka faɗi. Yara masu ƙoƙari da yawa a aji ɗaya suke tuntuɓe, ba don rashin kai ba, sai don karatun jami'a ba irin na sakandare ba ne, babu mai bin su da bulala. Don haka ki tambayi ofishin: duk zango ake duba makin ko duk shekara? In ya sauka, ana gargaɗi ne ko yankewa nan take? In ya sake tashi, tallafin na dawowa? In ta canza kwas, yana bin ta? Sannan ki yi wa kanki tambayar da ba ta da daɗi: in aka janye a aji biyu, zan iya biyan cikakken kuɗin? In amsar a'a ce, to wannan tallafin bai kai a gina shekara huɗu a kansa ba.

Tambaya: Wani babban mutum ya yi alkawarin ɗaukar nauyin yaro. Me ya kamata a yi?

Amsa: A yi godiya, a kuma nemi takarda cikin ladabi, wadda ta faɗi abin da zai biya da shekarun da zai biya. Ya fi kyau ya riƙa turawa asusun makaranta kai tsaye, a ajiye rasit. Ba zargi ba ne. Kujera na ƙarewa, kasuwa na juyawa, rai kuma na Allah ne. Ko gwamnatin jiha an taɓa gani ta tura ɗalibai jami'o'i masu zaman kansu, mulki ya canza hannu, biya ya tsaya, yara suka gama karatu amma takardunsu na riƙe saboda bashi.

Tambaya: In kuɗi ya yanke a tsakiya fa?

Amsa: Abin da ke faruwa a jere yake. Da farko tarar jinkiri. Sai a rufe wa ɗalibi shafin rajista. Sai a hana shi shiga ɗakin jarrabawa, kuma jarrabawar da ba a rubuta ba tana iya zama faɗuwa, ta jawo ƙarin zango da ƙarin kuɗi. In aka ce a mayar da shi jami'ar gwamnati, sai an kai cikakken bayanin sakamakonsa, ita kuma makarantar da zai bari ba za ta saki bayanin ba sai an biya bashinta. Ko an samu, gurbin canjin makaranta kaɗan ne, kuma sau da yawa aji na biyu ake mayar da mutum.

Wanda ya hango matsala kada ya yi shiru. Ya je ofishin kuɗi tun kafin a rufe rajista, ya nemi biya kashi-kashi a rubuce. In abin ya fi ƙarfinsa, ɗalibi ya rubuta takardar neman jingine karatu na zango ko shekara, ya karɓi amincewa a rubuce. Wanda ya ɓace ba takarda, ana iya ɗaukarsa ya bar makaranta.

Tambaya: Akwai hanyar rage kuɗin ba tare da tallafi ba?

Amsa: Akwai. Mazaunin Abuja zai iya barin yaro yana zuwa daga gida, in makarantar ta yarda da jeka-ka-dawo. Amma a auna nisa: daga Gwarinpa ko Lugbe zuwa Jabi abu ne mai yiwuwa, daga Mararaba kuwa cunkoson Nyanya da kuɗin mota na iya cinye ribar, su cinye laccar ƙarfe takwas. Hanya ta biyu ita ce shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon karatun share fage na IJMB ko JUPEB, ko difloma, a tsallake shekara guda mai tsada, muddin an tabbatar jami'ar na karɓa a wannan kwas. Ta uku ita ce kwatanta farashi, domin tazarar da ke tsakanin makarantun nan babba ce. Na ƙungiyoyin addini da na wajen Abuja, irin su Al-Qalam ta Katsina, galibi sun fi na tsakiyar birni sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Me zan bincika kafin in biya ko sisi?

Amsa: Lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Shiga shafin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ka ga ko an amince da ainihin kwas ɗin. Kwasa-kwasan sana'a kuma suna da mai sa ido na biyu: MDCN ga likitanci, COREN ga injiniyanci, Majalisar Ilimin Shari'a ga lauyoyi. Likitanci da shari'a suna da ƙayyadadden adadin ɗaliban da aka yarda makaranta ta ɗauka. In ta ɗibi fiye da shi, yaro na iya gamawa ya zauna jiran layi. Tambayi adadin da aka ba su da adadin da ke ajin.

Gurbin kuma dole ya fito a shafin CAPS, inda JAMB ke tabbatar da gurbin karatu, ɗalibi ya karɓa da kansa ya buga takardar. Takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba, kuma wanda sunansa bai shiga kundin JAMB ba zai sha wahala ranar tafiya hidimar ƙasa.

Kuɗi kuwa asusun makaranta ake biya, wanda ke ɗauke da sunanta, ba na wani ma'aikaci ko dillali ba. Duk saƙon WhatsApp da ya ce an ba ɗanka tallafi amma ka turo kuɗin fom ko lambar sirrin katinka, damfara ce. In kana shakka, ɗauki wayar ka je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarka, ka nuna musu saƙon.